Abin da Auta Ya Ɗinke a Rigar Sanyi

Laraba, daga shagon ɗinki

Zuwa ga Yayana Malam Shiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda ka bar mu. Inna lafiyarta ƙalau, sai ƙafar nan tata da ke tashi idan an ambace ka, ta kwanta idan an kawo abinci. Ni ma lafiya, illa allura da ta soke ni sau biyu jiya, kuma duk a kan wandon mutum ɗaya, ka san mai wandon ba shi da kirki.

Yau kwana tara wayarka ba ta shiga. Duk lokacin da na kira, wata mata ce ke ɗauka tana ce mini ba a samun ka. Na ce wa Inna shi ke nan, Yaya ya yi aure a can bai gaya mana ba, ga muryar amaryar nan. Ta jefe ni da takalmi, ta same ni kuwa. Sai da Direba ya zo karɓar ɗinkinsa ya warware mana: wai layin waya aka yanke a ƙasar da kake baki ɗaya, tun da su da maƙwabtansu suka fara nuna wa juna yatsa. Ya ce shi dai har yanzu yana shiga da kaya duk bayan kwana goma, kuma ya san ma'ajiyar da kake gyara wa injinan sanyi. Shi ya sa na jawo tawada da alƙalami. Ka yi haƙuri da ajamin, shi Malam ya koya mini.

Inna ta ce in tambaye ka abu uku: kana cin abinci, kana sa rigar sanyin da na gyara maka, kuma me ke faruwa a wurin nan. Rediyo ba ya faɗin komai sai ana zaman ɗar-ɗar. In an zo labarin ƙasar sai ta rage murya wai kada ta ji, sannan ta kara kunne a jikinsa. Ta hana ni kwana a ɗakinka. Kullum sai ta share shi, ta gyara shimfiɗa, ta ja ƙofa a hankali kamar akwai mai barci a ciki.

To ga labarin da kake jira, kada ka yi mini fuskar liman. 'Yar mai kantin magani ta biyo ta gaban shago shekaranjiya. Wadda ka shekara biyu kana sayen maganin ciwon kai a wurinta, alhali kanka garau. Ta tsaya tana duba yadi, yadin da ba na sayarwa ba ne. Na ce mata Yaya lafiyarsa lau. Ta ce, "Wa ya tambaye ka?" Na ce, "Yadin."

Sannan na yi maka guzurin da ba ka sani ba. Yana tare da kai tun ranar da ka fita. Wata uku ke nan ba ka gano shi ba, kai da ake cewa kana jin ciwon inji tun daga bakin ƙofa. Ba zan faɗa ba. Ranar da ka gan shi zan jiyo salatinka daga nan.

Ƙaninka,
Auta

*

Lahadi

Auta,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na ji lafiyar Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce mata ina ci, ina sa rigar, ko yanzu tana jikina. Lafiyata lau, sai barci da ba ya zama.

Abu na uku da ta tambaya kai zan faɗa wa, ka tace abin da za ka ba ta. Ɗakinmu a hawa na uku yake, gado huɗu, mu biyu muka rage. Ɗaya ya koma gida tun farko. Ɗayan mai shimfiɗa tayil ne, ya fita aiki ran Litinin bai dawo ba. An ce a shingen bincike suka sami takarda a aljihunsa, zanen ɗakunan gidan da yake wa aiki da awo a jiki. Ya yi ta rantsuwa, suka ce ya yi bayani a can. Kofinsa yana nan a kan taga da sauran shayi a ciki, ba wanda ya iya zubarwa.

Wanda muka rage da shi dattijo ne mai walda. Ba yarenmu ɗaya ba, da guntun yaren garin da hannu muke hira. Yana da tari mai nauyi. Shi ya nuna mini a manna wa gilashin taga salatif, a janye gado daga jikinta, a ajiye jaka ɗaya a bakin ƙofa da fasfo da ruwa a ciki. Sau biyu yana ganin irin wannan a rayuwarsa. Ya ce kada in ɗauki hoton komai, kada a ji bakina a kan wa ke da gaskiya, kada in riƙe wa kowa kaya ko da ɗan uwana ne. "Ɗana" yake ce mini, kalmarmu ɗaya da ya iya ke nan.

Daga gida zuwa ma'ajiya shinge biyu ne yanzu. Suna zazzage jaka, suna laluba riga. Titin da ke cika da masu shayi da safe, yanzu kana jin takun mutum ɗaya daga farkonsa har ƙarshe.

Buɗe kunnenka da kyau. An buɗe takardarka a hanya. Direba ya yi awa biyu a tsaye kafin a samo mai karanta ajami, kuma ya karanta musu har zancen yadi. Daga yau ka rubuta da boko, ko da irin na littafin awonka ne, kuma kada ka sa abin da baƙo zai karanta ya ɗaga gira. Wasa a nan ba shi da tafinta.

Guzurinka ban gani ba, ban kuma nema ba. In busasshen ƙadangare ne irin na bara, Allah ya isa.

Yayanka

*

Alhamis

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Ya aikin asibiti, ya hawan jinin? Mu nan lafiya, Inna lafiya, ba ta san ina rubuto miki ba.

Goggo, yau ba tsokana na zo da ita ba. Na san haka nake farawa duk ranar da na zo da ita, amma ki daure ki karanta. Ke kaɗai ce a danginmu kika taɓa zama a ƙasar da ake yaƙi.

Ana jibi Yaya zai tafi ya ba ni rigar sanyinsa in gyara masa aljihu. Kin san shekara biyu yana son 'yar mai kantin magani bai iya buɗe baki ba. Sai shaiɗan ya zauna mini a kan keke. Na sami takarda na zana layinmu tun daga mararraba har gidansu. Na sa kibau. Na rubuta tsawon katanga. Na rubuta cewa mai gadi yana barin ƙofa ƙarfe huɗu, maza huɗu ne a gidan, biyu ba sa nan da rana, babban ba ya yafiya, a shiga ta baya. A saman takardar na rubuta da manyan baƙaƙe: Shirin Kai Hari. Ban sa sunan gari ba, ban sa sunanta ba, don kada ta faɗa hannun wani a yi mata surutu. Na naɗe ta a leda don kada wanki ya ɓata, na farke shafin rigar ta kafaɗar hagu, na sa, na mayar da ɗinki yadda ko ni sai na laluba.

Nufina wata rana ya ji abu yana ƙara a kafaɗarsa, ya farke, ya yi dariya shi kaɗai a ƙasar mutane. Wallahi iyakar nufina ke nan.

Yanzu ya rubuto cewa an tafi da abokin ɗakinsa a kan zanen tayil. Zanen tayil, Goggo. Kuma kullum Yaya yana ratsa shinge biyu da safe, biyu da yamma, da rigar nan a jikinsa, ana laluba shi. Tun da na karanta, in na taka keke ƙarar leda nake ji. Jiya na farke rigar wani bawan Allah har ƙasa ina neman abin da ban sa ba.

Waya ba ta shiga, takarda kuma ana buɗewa. In na rubuta masa gaskiya, na kai musu shi da hannuna. Ki gaya mini yadda zan yi. Zagin ki ajiye mini, zan zo in karɓa.

Ɗanki,
Auta

*

Asabar

Auta,

Na ga takardarka. Jinina lafiya yake kafin in buɗe ta.

Zagin ba zan ajiye ba, ba ni da wurin ajiya: kai sakarai ne, kuma tun kana goye na faɗa. To ya wuce.

Kada ka rubuta dalili. Kada kalmar takarda ko zane ko shafi ta fito a wasiƙarka. Kada ka ba Direba saƙon baki, mutum in an tsare shi abin da ke bakinsa yake fara zubarwa, kuma shi ma yana da 'ya'ya. Ka ce wa yayanka ya ƙone rigar, ƙurmus, ba yarwa ba, don abin da aka yar ana tsinta. Ka nemo dalilin da soja zai karanta ya yi hamma.

Ka ƙara masa da cewa ya je ofishin jakadancinmu ya rubuta sunansa, in an fara kwashe mutane da jerin suna ake kira. Mu da muka yi jinkiri wancan karon sai da muka yi wata biyu a ɗakin ajiyar gawa muna kwana, don nan ne kaɗai ba taga.

Uwarku kada ta ji. Ƙafa ɗaya gare ta mai lafiya, ka bar mata ita.

Goggonka

*

Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Ga boko nan, in ka ga harafi ya kwanta ka tashe shi. Muna lafiya, Inna lafiya, tana gaishe ka da dattijon ɗakinku.

Magana ɗaya ce. Inna ta yi mummunan mafarki a kan rigar sanyin nan taka, har sau biyu. Ta gan ka a cikinta, abin ba daɗin faɗa. Ta ce don girman Allah ka cire ta ka ƙone ta ranar da wannan ta same ka. Ka ƙone ta duka, kada ka bar ko hannu. Kada ka sake fita da ita ko nan da bakin ƙofa.

Na san me za ka ce, Auta ne. Ka tuna duk abin da na taɓa yi maka, gishiri a shayi, ɗinke maka ƙafar wando ranar da za ka gwajin aiki, duka na amsa. Wannan ba ya cikinsu. In ka taɓa yarda da ni sau ɗaya a duniya, to ya zama yau.

Goggo ta ce ka je ofishin jakadanci ka rubuta sunanka, kada ka yi jinkiri.

Ka ƙone ta, Yaya.

Auta

*

Talata

Auta,

Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri da shirun, an rufe hanya kwana goma sha shida, sai jiya Direba ya sami shigowa ɗaukar amsa. Lafiyata lau. Na ji daɗin bokonka, ya fi na likita.

Ka kwantar wa Inna da hankali, rigar ta bar jikina tun ranar da takardarka ta zo. Sai dai ban ƙone ta ba. Kai ma ka yi tunani: a ina zan hura wuta a hawa na uku, a garin da hayaƙi kaɗan ke tara sojoji? Kuma riga mai kyau, cikin wannan sanyi, ga mutum a gabana yana tari har yana riƙe bango. Abin da aka koya mana shi ne in an yi mummunan mafarki a yi sadaka. Sai na yi sadaka da ita. Na ba Baba mai walda.

Da ka gan shi. Ya ƙi karɓa sau uku, na huɗu ya sa, ya tsaya gaban gilashin taga yana juyi kamar ango. Ya shafa ɗinkin aljihun ya tambayi wa ya yi, na ce ƙanena, ya ɗaga babban yatsa. To ka ji, an yaba maka a ƙasar waje.

Mutanen ƙasarsu sun sami bas, ya tafi yau da asuba ta hanyar gada, da rigar a jikinsa har wuya. Ya bar mini tukunyarsa da katifa. Yanzu ni kaɗai ne da gado huɗu. In na yi tari sai in ji kamar shi ne.

Na rubuta sunana a ofishin jakadanci kamar yadda Goggo ta ce. Sun sa ni a motar ranar ashirin ga wata. Ka ce wa Inna ta fara jiƙa abin da za ta jiƙa, ɗanta na tafe. Ita kuma mai duba yadi, ka ce mata kaina ya fara ciwo.

Yayanka

*

Juma'a

Yaya,

Assalamu alaikum. Inna lafiya. Ni ban sani ba.

Inna ba ta yi mafarki ba, ni na ƙirƙira. Akwai takarda a cikin shafin rigar, ta kafaɗar hagu, a naɗe a leda. Ni na sa. Ita ce guzurin. Zanen layinmu ne da gidan mai kantin magani, da kibau, da lokacin da mai gadi ke tashi, da adadin mazan gidan, kuma a sama na rubuta Shirin Kai Hari. Na yi ne don in tsokane ka a kan yarinyar. Duk wanda zai buɗe wasiƙar nan a hanya ya karanta da kyau: ni na zana, ni tela ne, ban taɓa fita garinmu ba, dattijon nan bai san da ita ba, yayana ma bai sani ba.

Na karanta takardarka a tsaye a shago. Da na zo wurin da ya shafa ɗinkin sai na ajiye ta na jawo alƙalami.

Ga abin da na yi, ban tambayi kowa ba. Na sake zana ta daga ka, yadda na tuna, na rubuta bayanin kowace kibiya da boko. Na sa mai hoto ya ɗauki layinmu tun daga mararraba, da katangar, da ƙofar baya. Sannan na je kantin magani na shimfiɗa zanen a kan teburin mahaifinta, gaban masu sayen magani. Ya sa tabarau. Ya ce, "Wannan gidana ne." Na ce shi ne. Ya ce, "Wane ne babban da ba ya yafiya?" Na ce, "Kai ne, Baba." Ya ce, "Harin na mene ne?" Ita tana tsaye a bayansa da kwalin magani a hannu. Na faɗa. Asirinka na shekara biyu na fasa shi a cikin minti ɗaya, ka ƙara a kan abin da zan amsa.

Bai zage ni ba, da ya zaga da na fi jin daɗi. Na ba shi labarin dattijon. Ya ɗauki biro ya rubuta cewa gidansa ne, 'yarsa ce, wasan yaran unguwa ne, ya sa hannu ya buga hatimin kanti. Mai gadi ma ya dangwala yatsa, yana ta faɗa wai shi ba ya tashi ƙarfe huɗu.

Direba na zaunar da shi na karanta masa komai, har wannan. Na ce in ya ƙi ɗauka ban ga laifinsa ba. Ya ce zai ɗora takardun a gaban mota a buɗe, ya miƙa da kansa kafin a tambaya.

Wataƙila Baba mai walda ya wuce lafiya. Wataƙila yana gida cikin jikokinsa da takardar banza a kafaɗa. Ka bincika, Yaya. In ya wuce, ka yayyaga waɗannan ka hau motarka.

Auta

*

Laraba

Auta,

Saƙonka ya zo. Ina lafiya.

Bai wuce ba. Tun kwana huɗu da tafiyarsu yaron motar ya dawo ya ce an sauke mutum ɗaya a gada, dattijo mai tari. Na yi ta tunanin me suka gani a jikin mutumin da bai mallaki komai ba sai tabarau na walda. Ashe ni na sa masa da hannuna, har ina ja masa zif.

Ba zan ce maka komai ba yanzu. In na fara ba zan iya tsayawa ba, kuma takarda ɗaya ta rage mini.

Motar ranar ashirin ta tafi jiya, na ba wani kujerata. Akwai wani ma'aikaci a ofishin jakadanci da ya yarda ya raka ni inda ake tsare da su. Ya gaya mini gaskiya: mai shiga ya ce rigar tasa ce, ba lallai ya fito ranar ba. Gobe da safe za mu.

Ka ce wa Inna mota ta cika, ina ta gaba. Ka iya ƙarya, yi mata mai kyau.

Yayanka

*

Lahadi

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan Inna lafiya. Ni lafiya, yanzu. Baba yana nan kwance a gadonsa na da, ina jin numfashinsa ina rubutu.

Sun riƙe ni kwana biyu. Ba su taɓa ni ba, ma'aikacin nan ya zauna a bakin ƙofa ya ƙi tafiya. Babbansu ya ajiye takardarka ta farko da ta biyu gefe da gefe, ya bi su da yatsa kibiya bayan kibiya, da hotunan, da hatimin. Har ya yi murmushi a wurin mai gadi. Na ce an gama. Sai yatsansa ya tsaya a kusurwar ƙasa ta dama. A ta farkon akwai wasu alamu uku a jere, kamar ƙananan gicciye, na ukun ya fi kauri. A ta biyun babu. Ya ce mene ne wannan. Na ce ban sani ba. Ya ce wanda ya zana ya tuna tsawon katanga, ya tuna komai, ya manta wannan kaɗai? A kan alamun nan suka ƙara riƙe Baba kwana shida. Daga baya ban san me ya sauya ba, ko gajiya suka yi, ko ɗakin suke so. Ran Alhamis suka turo shi waje ba takalmi.

Kwana ashirin da uku ya yi. Hannunsa na dama ba ya rufuwa, ni nake riƙe masa kofi. Ban sani ba ko zai sake riƙe abin walda. In an taɓa ƙofa sai ya miƙe tsaye ya sa hannu a baya.

Abin da ma'aikacin ya gaya mini shi ne ya hana ni barci. Kullum tambayarsu ɗaya: rigar wa ce? Kullum amsarsa ɗaya: tasa ce, a kasuwa ya saya. Ya san ɗakin, ya san ma'ajiyar, ya san sunana. Kwana ashirin da uku.

Na ba shi labarin duka, da hannu da guntun yare, har yarinyar. Bai yi fushi ba, bai yi dariya ba. Ya ce kowace safiya suna ajiye masa takardar a gaba, shi da bai iya karatu ba, har ya haddace ta. Ya ce in ya rufe ido a layinmu yake tafiya, ya san inda ake karyawa, ya san ƙofar baya. Ya zana mini a kan bargo da yatsa, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Abu ɗaya ya roƙa in tambaye ka. Alamun nan uku, a kansu aka fi dukansa. Ya ce shi ba ya neman komai, yana so ne kawai ya san mene ne a wurin. Ya yi ta tunani a can ciki, wata rana ya ce kaburbura ne, wata rana ya ce bishiyoyi. Na ce masa ni a layin aka haife ni, ban san komai a wannan kusurwar ba.

An sa mu a motar ranar tara, ni da shi, ta hanyar da ba gada. Direba zai riga mu juyowa. Ka ba shi amsa, Baba yana jira.

Yayanka

*

Alhamis

Yaya,

Wa alaikumus salam. Inna lafiya, na gaya mata komai jiya. Ba ta jefe ni da komai ba. Ta ce a gaida Baba, ta ce in ya yarda ka taho da shi.

Na karanta tambayarsa na rufe shago. Na bi layinmu da ƙafa har ƙarshe, na tsaya daidai inda kusurwar za ta faɗa. Bayan gidan mai wanki ne, fili, ba ko dutse. Na daɗe a wurin ina neman abin da zan ba shi. Na ce in ce rijiya ce da aka cike. Na ce in ce bishiyoyi uku ne da aka sare muna yara, tunda shi ma ya yi zaton haka, kuma wa zai ƙaryata ni? Har na fara rubutawa, ya yi kyau ƙwarai. Mutum ya sha duka kwana shida, ai ya kamata a ce akwai wani abu a wurin.

Na yaga.

Babu komai a wurin, Yaya. Ranar sabon alƙalami na feƙe, ya ƙi jan tawada. Na gwada shi a gefen takarda, sau ɗaya bai kama ba, sau biyu bai kama ba, na uku ya kama. Shi ya sa na ukun ya fi kauri. Shi ya sa ban tuna ba da na sake zanawa, don ban taɓa ɗaukarsu a cikin zanen ba.

Ka faɗa masa haka, kada ka gyara, kada ka sassauta. Ka riƙe masa hannun in kana faɗa. In ya tambayi wa ya yi, ka ba shi sunana cikakke, da na ubanmu, da layin da shagon yake. Ya ɓoye naka kwana ashirin da uku. Nawa ba sai ya ɓoye ba.

Ƙaninka,
Auta